Ranar Wanke Hannu a Ajin Malama Nelda

A garin Tarver, can cikin tuddan Kentucky, idan ka tsayar da duk wanda ya yi aji takwas a makarantar garin, ka tambaye shi abin da yake tunawa, da wuya ya ambaci littafi ko jarrabawa. Ƙamshin farin sabulu zai ambata. Makaniki zai faɗa, mai sayar da magani za ta faɗa, har wanda aka taɓa kora saboda rashin ji zai faɗa yana murmushi. Sabulun kuwa na Malama Nelda Broaddus ne, wadda ta koyar da tarihi a wannan aji fiye da shekara talatin.

An haife ta a gonar taba, bayan gari. Mahaifinta manomi ne marar yawan magana, mahaifiyarta kuma ta rasu tun Nelda ba ta yi wayo ba, saboda haka kakarta Oleta ce ta rene ta. Kaka Oleta tana da akwatin katako a ƙarshen gadonta, inda take ajiye bargunan da ta ɗinka da hannu. A ƙarƙashin bargunan akwai takarda guda ɗaya, naɗe cikin tsohuwar rigar filo. Sau ɗaya take fito da ita a shekara, idan sanyi ya wuce, itatuwa sun fara toho, an fitar da barguna shanya. Kafin Nelda ta taɓa ta, sai ta je bakin famfo ta wanke hannu da sabulu, ta goge, ta dawo.

"Nuna mini," in ji kakar. "Juya. Wannan farcen fa? Dankali za ki shuka a ciki? Koma."

Takardar koke ce. A zamanin da aka rubuta ta babu jihar Kentucky. Duk yankin wani yanki ne na Virginia, hukuma kuwa tana can bayan duwatsu, tafiyar makonni a kan doki. Mutanen kwarin suka taru suka rubuta wa majalisar Virginia cewa sun gaji. Wanda aka cuta a kan gona sai ya bar iyalinsa ya ƙetare duwatsu kafin ya ga babban alƙali, dokokin da ake yi musu kuma, waɗanda ba su taɓa taka ƙasar ba ne suke yin su. Suka roƙa a bar su su zama jiha mai cin gashin kanta. Wani kakan-kakan Oleta, mai kyakkyawan rubutu, shi ya rubuta da alƙalamin gashin tsuntsu. A ƙasa sunayen mutane ne jere. Waɗanda suka iya rubutu sun sa hannu da kansu. Waɗanda ba su iya ba, marubucin ya rubuta musu suna, su kuma suka gitta layi biyu a gefe. Ɗaya daga cikinsu, Jubal Renfro, ya danna alƙalamin da ƙarfi har ya huda takardar, daidai inda layukan biyu suka haɗu.

Takardar ba ta taɓa ƙetare duwatsun ba. Kentucky ta zama jiha a 1792 ta hanyar wasu koke-koke da wasu tarurruka, wannan kuwa ta yi zamanta a akwati. Abin da ya hana a aika da ita, babu wanda ya sani. Nelda ta sha tambayar kakarta, ita kuwa takan ce, "Ina nan aka yi? Taɓa dai a hankali."

Da ta girma ta yi karatun malanta, ta dawo gida, ta auri Hobart mai gyaran tarakta, mutum mai faɗin ƙirji da son zolaya. Shekararta ta farko a aji ta bi littafin da aka ba ta shafi bayan shafi, yara kuma suka bi ta da hamma. A ƙarshen shekarar Kaka Oleta ta rasu, ta bar mata akwatin. Wata safiya Nelda ta ɗauki rigar filon nan da sabulu, ta tafi da su makaranta. Daga ranar ba ta sake fara darasi da littafi ba.

Yadda take yi shi ne, duk tsawon shekara yara suna fama da kwafin tsofaffin takardu: bayanin iyakar gonaki, sanarwar jaridun dā, sassan tsarin mulkin jihar na farko. Da yake an daina koya wa yara haɗaɗɗen rubutun hannu, sai ta fara koya musu karanta shi harafi bayan harafi, suna gunaguni. Ba ta ba da amsa. Idan yaro ya ce mutanen dā sun ji kaza, ko sun so kaza, sai ta sunkuyo ta ce, "A ina ka gani?" In ya nuna layin, ta gyaɗa kai. In ya kasa, ya koma ya nemo. Tambayar nan ta fita daga aji ta shiga gari, har ana jifan juna da ita a shagon aski. A gida ma ba ta tsira ba.

"Hobart, kai ka cinye ragowar burodin masarar nan."

"A ina kika gani, Malama?"

"A gemunka."

Sai watan Mayu ya kama, makaranta ta kusa tashi, sannan ake ranar wanke hannu. Yara su jeru bakin famfo, kowa ya wanke, ya goge, ya nuna mata ciki da baya. Ta shimfiɗa takardar ta asali a kan tebur. Su zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rufe ido, ta kama yatsansa ta ɗora shi a kan hujin Jubal Renfro. Ɗan ƙanƙanin huji ne, gefensa ya ɗan tashi, yana da kaushi kamar ƙwayar yashi.

"Me ya sa ya danna haka?" takan tambaye su.

Wani ya ce fushi ne, wata ta ce bai taɓa riƙe alƙalami ba, ya riƙe shi kamar fartanya. Wani ya ce tsoro yake ji.

"Duk mai yiwuwa ne. Wanne ne a ciki? Ba mu sani ba, kuma faɗin haka ba abin kunya ba ne. Abin da muka sani, yatsanka yana inda hannunsa ya tsaya."

Wata shekara wani yaro mai suna Terrell, wanda kakanninsa bayi ne a wannan kwari, ya bi sunayen har ƙasa, ya ɗago kai ya ce, "Malama, namu fa?" Nelda ba ta lallashe shi da abin da babu ba. Ta kai yatsansa farin filin da ya rage a ƙasan sunayen, ta ce, "Suna nan a kwarin ranar da aka rubuta ta. Ba a tambaye su ba. Matan ma ba a tambaye su ba, haka 'yan asalin ƙasar nan, waɗanda suka riga kowa saninta. Wannan farin wurin shi ma shaida ne, ka karanta shi." Terrell ya daɗe da yatsansa a wurin. Yanzu shi ne mai raba wasiƙu a garin, kuma har yau in ya zo ƙofarta yakan nuna mata hannuwansa ciki da baya kafin ya miƙa mata saƙo.

Idonta ne ya kawo ƙarshen aikin. Abin ya fara kamar ɗan tabo a tsakiyar duk abin da ta kalla, ya yi ta faɗi, har ya zama tana ganin gefen fuskar mutum ba ta ganin tsakiya. Likita ya ce ba ya warkewa. Ta je ta gaya wa shugaban makaranta da bakinta cewa shekara ɗaya ta rage mata. Shi kuwa ya ce zai nemo wadda za ta zauna da ita ta gaji ajin, amma ya ƙara da cewa, in ba a samu mai son wahalar tsofaffin takardun ba, littafi ma ya isa. Wannan maganar ita ta tsaya wa Nelda a rai. Barin aiki bai dame ta ba kamar ta bar shi babu mai tara yara bakin famfo.

Wadda aka samo ita ce Tessa Vandiver, matashiya daga wani gari, wadda ta yi shekaru tana koyar da 'yan aji ɗaya. Mai kuzari ce, mai saurin dariya, mai zuwa da wuri. Ita ke karanta wa Nelda rubutun yara, ita ke maida ta gida in Hobart yana ƙarƙashin wata tarakta. Nelda ba ta sassauta mata ba.

"Kin ba shi amsa, ɗiyata."

"Malama, na ga yana shan wahala ne."

"Wahalar tasa ce. Kada ki ƙwace masa."

Tessa ta koya, kuma ta koya da sauri. Ta iya tsohon rubutun, ta iya yin shiru ta jira yaro. A hanyar gida Nelda takan ba ta labarin Kaka Oleta da farcen shuka dankali, su yi ta dariya. Sai dai Tessa ba ta taɓa ganin ranar wanke hannu ba, jin ta kawai take yi, kuma ta ɗauka sabulun don tsare takardar ne daga dattin yara, shi ke nan.

Akwai kuma wani abu da ta zo da shi daga ajin ƙanana. A ɗakin malaman makarantar, kamar kowane ɗakin malamai a ƙasar, akwai injin da ke liƙe takarda cikin leda da zafi. Malamai ba sa barin abin da suke so ya daɗe bai bi ta cikinsa ba: sunayen yara, jadawalin darussa, taswira, har takardar da ke bayanin yadda ake aiki da injin, ita ma an liƙe ta. Ga malamar 'yan aji ɗaya kuwa, wadda ta ga abin da ƙananan hannuwa masu danƙon alewa ke yi wa takarda, sa abu a leda shi ne iyakar nuna masa ƙauna.

A lokacin nan Nelda ta daina iya karanta takardar da ido. Da yatsa take bin ta. Ta san ramin da alƙalami ya bari a kowane babban harafi, ta san karyewar naɗi, ta san daga suna na nawa za ta gangara ta iske hujin Jubal. Da watan Mayu ya gabato, ta kira Tessa gida, ta ciro rigar filon daga akwati, ta ɗora mata a hannu.

"Tafi da ita. Ki zauna da ita ke kaɗai kafin ranar. Bana ke za ki tsaya gaban tebur, ni ina baya."

Tessa ta buɗe a hankali. Wani ɗan ɓarɓashi ya rabu da gefen takardar ya faɗo a kan siket ɗinta, ta ja numfashi.

"Malama, tana marmashewa."

"Tsufa ne. Kowace shekara takan bar mini ɗan gutsure. Mu biyun haka muke."

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Nelda da Hobart suna zaune a baranda, yana cin wake da burodin masara, sai ga motar Tessa. Ta fito da wani abu mai faɗi, ɗaure da jan zare, fuskarta cike da murna.

"Malama, na kawo miki kyauta. Taki ce dai, amma ki duba."

Nelda ta karɓa, ta kwance zaren. Abin da ta ji a hannunta sanƙararre ne, mai sulɓi, mai sanyi kamar faranti.

"Mene ne wannan, ɗiyata?"

"Takardar ce. Yanzu ba za ta ƙara zubar da ko gutsure ɗaya ba. Ko yaro ya zuba mata lemo, gogewa kawai za a yi. Jikokin jikokinsu ma za su gan ta."

Hobart ya daina tauna. Nelda ta ɗora abin a kan cinyarta, yatsanta ya tafi inda ya saba, ya gangara, ya tsaya. Ya koma sama, ya sake gangarowa. Babu rami, babu kaushi, babu karyewar naɗi. Ko'ina sumul. Tessa tana kallon yatsan nan yana kai da komo, murmushinta yana ragewa, har ta gane abin da yake nema.

"Malama," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Taɓawa suke yi? Hujin ne suke taɓawa?"

"Shi ne."

"Zan cire. Zan sa almakashi in..."

"Kada ki sa mata komai." Nelda ta miƙe, ta dafa ƙyauren. "Na gode da kika dawo da ita. Ki gaida gida."

Washegari Tessa ta buga waya gidan adana tsofaffin takardu a babban birni. Matar da ta ɗauka ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta gaya mata da taushin murya cewa ledar injin makaranta tana narkewa ne ta kama jikin takardar, wanda ya ce zai ɓare ta kuwa, zai iya tafiya da tawadar. Shawararta ita ce a bar ta yadda take. Tessa ta ajiye wayar, ta je wurin shugaban makaranta, ta ce tana roƙon a maida ta ajin ƙanana shekara mai zuwa, ajin tarihi ya fi ƙarfinta. Ya ce to, zai duba. Labarin ya iske Nelda ta bakin Terrell.

Kwanakin nan Nelda ba ta je makaranta ba. Ta ce kanta ke ciwo, kuma ba ƙarya ta yi ba. Takan zauna a kicin, takardar tana kan tebur, ba ta taɓa ta, ba ta kuma maida ta akwati, domin ledar ta fi ƙarfin rigar filon. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Abin da take ji ya fi kama da ranar da aka fitar da gadon Kaka Oleta daga ɗaki.

Ranar Laraba da rana Hobart ya shigo shan ruwa, hannunsa duk baƙin mai. Ya tsaya yana kallonta.

"Nel, in za ki yi zaman makoki, ki faɗa mini in sa baƙar riga."

"Wanke hannunka ka zo."

"Ai yanzu ko da man inji na..."

"Hobart."

Ya wanke, ya zo ya zauna.

"Karanta mini ita," ta ce.

"Kin san ban iya wannan rubutun tsutsar ba. Shi ya sa na auri malama."

"Ba rubutun ba. Ɗauke ta, ka faɗa mini abin da idonka ya gani, gaba da baya. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Ya ɗauka yana jujjuyawa. Ya ce tawadar ta ɗan yi duhu. Ya ce a baya, daidai kan naɗin tsakiya, akwai siririn ƙyalle da aka manna, ya yi launin ƙasa.

"Kaka ce. Da kunun fulawa ta liƙa shi, naɗin yana neman rabuwa. Ya ja takardar ta tattare a wurin."

"Ga wani rawayan tabo a kusurwa, kamar an ɗiga mata mai."

"Baba ne. Kusurwar ta yage, ya sa salatif. Salatif ɗin ya faɗi, tabon ya zauna. Ci gaba."

"Sai ledar yarinyar nan. Ta bar mata fili sosai a kowane gefe, kusan yatsa biyu. Almakashinta bai ko kusanci takardar ba." Ya ƙara dubawa. "Kusurwoyin kuma ba ta bar su da tsini ba. Ta zagaye su."

"A ina ka gani?"

"Ga shi kuwa. Kawo hannunki."

Nelda ta bi gefen ledar da yatsa har kusurwa. An yanke ta da lanƙwasa, sumul, babu ƙaya. Ta bi ta biyu, ta uku, ta huɗu, duk haka. Ta san wannan aikin. Malaman ƙananan azuzuwa ne ke zama su zagaye kusurwar duk abin da ya fito daga injin, domin ledar in ta sandare tana yankar yatsan yaro. Wadda ta yi wannan yankan, tana yi ne tana hango hannuwan yara a kan takardar, shekara bayan shekara, bayan ita Nelda ta tafi.

Ta daɗe da yatsanta a kan kusurwar. Sannan ta ce, "Tada motar."

Sun iske Tessa ita kaɗai a aji bayan an tashi, tana tattara kwafin takardu cikin kwali. Da ta ga Nelda ta miƙe tsaye, ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

"Zauna, ɗiyata. Ba zan ce miki ba komai ba, domin ban saba faɗin abin da ba haka yake ba. Kin yi ɓarna, kuma ba ta gyaruwa. Ba zan ƙara jin hujin nan ba, yaran ma haka."

"Na sani, Malama. Shi ya sa na ce a..."

"Ban gama ba. Laifina nawa ne a ciki da ban gaya miki abin da ake yi ranar ba, wannan ni da kaina za mu yi shi. Abin da ya kawo ni, an karanta mini takardar yau. Akwai hannun kakata a jikinta, akwai na mahaifina. Kowannensu ya so ya cece ta, kowannensu ya bar mata tabo. Yanzu akwai naki. Duk wanda ya bar tabo a jikinta, namu ne, ba ya kuma ajiye ta ya gudu ajin ƙanana."

Tessa ta rufe fuska da hannu. Nelda ta bar ta, kamar yadda take barin yaro da wahalarsa, har ta ɗago.

"To me zan nuna musu ranar Juma'a? Babu abin taɓawa."

"Ban sani ba. Ajin naki ne." Ta ajiye takardar a kan kwalin, ta ɗora sabon sabulu a kai. "Ni dai ina baya."

Ranar Juma'a gari ya waye garau, rana ta shigo ta manyan tagogin ajin. Nelda ta zauna a kujerar baya da jakarta a cinya. Tessa ta jera yara bakin famfo. Wani mai suna Wyatt, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya leƙa tebur ya ce, "Malama Tessa, tunda tana cikin leda, wanke hannun na mene ne?"

Tessa ta dubi bayan aji. Nelda ba ta motsa ba.

"Mutane ne a takardar nan, Wyatt. Ba za ka je gabansu da hannun da ka ci soyayyen dankali da shi ba. Nuna mini. Juya. Koma."

Da suka taru gaban tebur, ba ta fara da koken ba. Ta ce su dubi takardar gaba da baya, su gaya mata hannu nawa suka taɓa ta bayan an rubuta ta. Suka gano ƙyallen, suka gano tabon. Da aka zo kan ledar, wani ya ce wanda ya sa ta ba shi da hankali. Wata yarinya mai suna Junie ta ce a'a, tsoro ya ji kada takardar ta ƙare.

"A ina kika gani?" in ji Tessa.

Junie ta nuna filin da aka bari a gefe, ta nuna kusurwoyin. "Kuma ba ya so ta yanke mu."

"To ya cece ta, ko ya ɓata ta?"

Aji ya rabu biyu, aka yi ta musu. Tessa ta bar su har suka gaji, sannan ta ce, "Ni ce na sa. Ina so in cece ta, na kuma hana ku abin da yayyenku da iyayenku suka samu, wato ku ji hujin Jubal Renfro da yatsanku. Duka biyun gaskiya ne. Ku riƙe wannan in kuna karanta abin da mutanen dā suka yi."

Daga nan ta ɗauki takardar ta nufi taga. A dā ba wanda zai yi gangancin ɗaga ta tsaye, domin za ta karye a naɗi, amma yanzu ta sandare. Tessa ta tare hasken rana da ita, inuwarta ta faɗi a ƙasa, ta kira Junie ta ce ta shimfiɗa tafin hannunta cikin inuwar. Ledar garau take, hujin kuma yana nan a cikinta. Wani ɗan ɗigon haske, bai fi ƙwayar gero ba, ya sauka a tsakiyar tafin yarinyar.

Yara suka matso suna leƙe.

"Nan alƙalaminsa ya ratsa," in ji Tessa. "Me ya sa ya danna haka?"

Suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓi ɗigon a wankakken hannunsa. Wyatt ya dunƙule nasa don ya kama shi, sai ga shi ya hau bayan yatsunsa, aka yi dariya. Nelda tana jin komai daga baya. Tana jin amsoshin da ta saba ji, fushi, tsoro, rashin sabo da alƙalami, tana kuma jin Tessa ta ƙi zaɓa musu ko ɗaya.

Da aka gama, Junie ta ce, "Saura Malama Nelda."

Nelda ta tashi, ta je bakin famfo ta wanke hannu, ta goge, ta nuna wa Tessa ciki da baya. Tessa ta kama hannun ta kai shi cikin inuwar.

"Yana nan?"

"Yana tsakiyar tafinki, Malama."

Ba ta gan shi ba, domin daidai nan ne tabon idonta yake rufewa. Ta tsaya dai, ta rufe ido, ta jira. Daga baya Hobart ya tambaye ta ko ta ji ɗuminsa. Ta ce ta ji wani abu, amma ba za ta rantse ba, tunda ba ta da inda za ta nuna.

Da yamma Tessa ta koma wurin shugaban makaranta ta janye roƙonta.

Yanzu Malama Nelda tana gida. Da safe takan zauna a baranda, Hobart yana karanta mata jarida yana ƙara abin da babu a ciki don ta kama shi. Takardar tana hannun Tessa, cikin sabuwar riga mai faɗi da Nelda ta ɗinka da lalube daga wani bargon Kaka Oleta. In ranar ta zo da hadari, akan ɗage wanke hannun sai an samu hasken rana. Abu ɗaya ne Nelda ba ta saki ba. Duk watan Mayu takan aiki Hobart ya sayo farin sabulu ya kai makaranta, domin wanda Tessa ke saya, a cewarta, ƙamshinsa ya yi yawa.